Tambarin Wikipedia tsakanin gyara da sauyawa: nazarin hukuncin 2010

A watan Mayu na 2010 Gidauniyar Wikimedia, ƙungiyar da ke kula da kundin Wikipedia, ta fitar da sabon tambarin kundin, amma da wuya mai karatu na yau da kullum ya ce an taɓa wani abu. Ƙwallon nan mai ruwan toka yana nan a kusurwar shafi kamar yadda aka saba ganinsa, da gutsattsarinsa masu shiga cikin juna, kowane gutsure ɗauke da harafi daga wani tsarin rubutu na duniya, ga kuma giɓin nan na sama da ke nuna cewa aikin tattara ilimi bai ƙare ba. Duk da haka an sake gina ƙwallon ne tun daga tushe, an cire wasu haruffa, an gyara wasu, an kuma canza zubin rubutun sunan da ke ƙarƙashinsa. Lamarin ya cancanci nazari domin ya haɗa abubuwa biyu da ke raba kan al'umma duk lokacin da aka ta da maganar tambari, wato aibi na zahiri wanda ba ya musantuwa, da kuma sabon da miliyoyin mutane suka yi da wata siffa tsawon shekaru. Ra'ayina shi ne Gidauniyar ta yanke hukuncin da ya dace, sai dai ta yanke shi a makare, kuma abin da ya jawo makarar ya fi gyaran kansa muhimmanci ga duk wata ƙungiyar 'yan sa-kai.

Yadda aka samu ƙwallon

Wikipedia ta fara aiki ranar 15 ga Janairu, 2001, a hannun Jimmy Wales da Larry Sanger, kuma ta yi sama da shekara biyu ba ta da tambarin da duk rassanta suka amince da shi. Wanda aka fara amfani da shi sosai zanen Bjørn Smestad ne, wanda tun asali ya yi shi domin gasar Nupedia, kundin da ya riga Wikipedia zuwa, kuma da'ira ce cike da rubutun Ingilishi. A ƙarshen 2001 aka maye gurbinsa da zanen wani edita da aka sani da laƙabin The Cunctator, shi ma ƙwallo ne da aka lulluɓe da sakin layi na Ingilishi daga rubutun masanin falsafa Thomas Hobbes. Kafin 2003 kuwa Wikipedia ta riga ta yi rassa a Jamusanci da Faransanci da Japananci da wasu harsuna da dama, kuma babu abin da zai sa editan da ke rubutu da harshen uwarsa ya ɗauki zanen da ba ya magana sai da Ingilishi a matsayin tutarsa. Wasu rassan sai suka yi nasu tambura, aikin da ake so ya zama guda ɗaya ya fara bayyana da fuskoki dabam-dabam.

Wannan ne ya sa a 2003, bisa shawarar wani edita mai suna Erik Möller, aka buɗe gasa ta ƙasa da ƙasa domin samo tambarin da kowane harshe zai iya ɗauka. An fara karɓar zane a watan Yuli, aka kaɗa ƙuri'a a matakai biyu, sannan a watan Satumba aka bayyana cewa zanen Paul Stansifer, matashi ɗan shekara 17, shi ne ya yi nasara. Nasa ƙwallon launuka ne iri-iri, gutsattsarin cike da ƙananan rubutu. David Friedland, wanda editoci suka sani da Nohat, shi ya karɓi zanen ya rage shi: ya cire launukan, ya share rubutun, ya ba gutsattsarin kauri da inuwa, ya ɗora harafi ko alama ɗaya a kan kowanne. Siffar da ya fitar ita ce duniya ta saba da ita. Gasar ba ta bar sauran zane sun tafi a banza ba, domin wanda ya zo na biyu ya zama tambarin Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a watan Yunin wannan shekara, wanda ya zo na uku kuma ya zama tambarin MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta.

Akwai abin lura a nan wanda duk abin da ya biyo baya ya rataya a kansa. Al'umma ta zaɓi tunanin da ke cikin zanen ta hanyar ƙuri'a, amma zuba haruffan aikin ɗan sa-kai ɗaya ne a kwamfutarsa, a lokacin da Gidauniyar ba ta da ma'aikatan zane, ba ta da ma'ajiyar fayiloli ta hukuma, ba ta kuma da tsarin da zai sa a nuna wa mai karanta Hindi ko Japananci harafinsa kafin a manna shi a kan ƙwallon. Ba laifin Friedland ba ne, domin ya yi aikin kyauta kuma ya yi shi da kyau har ya zama abin da kowa ke ganewa. Rashin tsari ne irin na ƙungiyar da ta girma fiye da yadda kowa ya zata.

Kuskuren da kuma abin da ya hana a gyara shi

Kurakurai biyu ne suka fi fitowa fili. Na farko yana cikin rubutun Devanagari, wanda ake rubuta Hindi da Marathi da Nepali da Sanskrit da shi. A wannan rubutu, alamar gajeren wasalin "i" tana zuwa ne a gefen hagu na baƙin da take bi a furuci, wato ana rubuta ta kafin baƙin ko da yake bayansa ake furta ta. Kwamfuta tana ajiye baƙin da farko sannan wasalin, kuma aikin manhajar nuni ne ta juya su ta sa kowanne a mazauninsa. Idan manhajar ba ta san wannan ƙa'ida ba, sai ta jera su yadda ta same su, abin da ya fito ya zama gurguwar gaɓa wadda ko ɗan firamare a Indiya zai gane ba daidai ba ce. Haka gaɓar "wi" ta fito a kan ƙwallon. Na biyu yana cikin rubutun katakana na Japan, inda haruffa biyu masu kama da juna suka rikice, aka sa ワ mai sautin "wa" a gurbin ウ mai sautin "u", alhali da ウ ake haɗa gaɓar da sunan Wikipedia ke farawa da ita a Japananci. Bayan waɗannan akwai haruffan da ba kuskure ba ne a rubuce amma zaɓinsu ya jawo tambaya, kamar harafin Klingon, harshen ƙirƙira na wani shirin talabijin na Amurka, wanda ya samu gurbi a fuskar ƙwallon yayin da harsunan da miliyoyin mutane ke magana da su ba su samu ba. An ma rufe reshen Wikipedia na Klingon a 2005, harafin kuwa ya ci gaba da zama.

Mai karanta Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a kan irin wannan matsala, domin ya sha ganin ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun zama akwati ko alamar tambaya a allon da bai san da su ba, kuma ya san saƙon da hakan ke isarwa, wato ba a yi lissafi da shi ba lokacin da aka tsara abin.

A watan Yuni na 2007 jaridar New York Times ta buga rahoton Noam Cohen a kan kurakuran, maganar ta fita daga zauren editoci ta shiga duniya. A cikin rahoton Friedland ya bayyana abin da ya tsayar da gyaran: ainihin fayil ɗin da ya gina ƙwallon da shi ya ɓace masa, ya yi ƙoƙarin sake ginawa amma abin bai fito yadda yake ba, kuma a ganinsa ya kamata a ba ƙwararren mai zane aikin. Abin da ya rage a hannun kowa hoto ne gamamme, irin wanda aka yi da ɗigo-ɗigo, wanda haruffa da inuwa da lanƙwasar ƙwallo duk suka narke cikin juna. A irin wannan hoto ba a cire harafi a sa wani cikin sauƙi, domin kowane harafi an lanƙwasa shi ne daidai da zagayen ƙwallon da kuma inda haske ke faɗuwa, kuma duk faci da aka yi da hannu ido zai kama shi. Ga kuma shinge na biyu, na shari'a. Maƙalolin Wikipedia suna ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar kwafa da gyarawa, tambarin kuwa a wancan lokaci haƙƙin mallakarsa kacokan yana hannun Gidauniya. Saboda haka shafin da kowa ke iya gyara kuskuren rubutu cikin minti guda ya zauna da kuskure a goshinsa wanda babu editan da ke da fayil ɗin gyara shi, balle ikon sauya shi ga dukan rassa.

Hanyoyin da ke buɗe

Idan aka duba lamarin daga inda Gidauniyar ke tsaye, hanya mafi sauƙi ita ce a bar tambarin yadda yake, kuma wannan ra'ayi yana da hujja. Wata edita 'yar Japan da ta yi magana a rahoton na 2007 ta ce yawancin editocin Japan suna son a gyara, amma ta ƙara da cewa barinsa ma zaɓi ne, tun da mutane da yawa suna kallon haruffan a matsayin ado kawai wanda ba ya nufin komai. Gaskiya ne kuma cewa babu wanda ya daina karanta Wikipedia saboda wasali ya kauce. Sai dai ban yarda da wannan hujja ba, kuma dalilina yana cikin tambarin kansa. Da a ce zanen tsuntsu ne ko fure, kuskure a fiffike ko a ganye ba zai taɓa ma'anarsa ba. Wannan zane kuwa da'awa yake yi, yana cewa nan gidan kowane rubutu ne, kuma an yi gasar 2003 ne musamman domin a daina fifita Ingilishi. Idan harafin Latin ya fito daidai a tsakiya, na Indiya da na Japan suka fito a karkace, to tambarin yana ƙaryata abin da aka yi shi domin ya faɗa. Kundin ilimi kuma jarinsa shi ne a yarda da shi, kuma ba ya yiwuwa ya riƙa neman majiya ga kowace jimla alhali ya san akwai kuskure a saman kowane shafi ya kau da kai.

Hanya ta biyu ita ce a yi amfani da damar a sake tambari gaba ɗaya, a buɗe sabuwar gasa ko a ɗauko kamfanin zane. Masu zane suna da abin faɗa a nan, domin ƙwallon ya saɓa wa abin da ake koyarwa a kan tambari mai kyau: yana da tarkace da yawa, ya dogara da inuwa, ba ya fitowa sarai idan aka ƙanƙanta shi, kuma yana da wuyar bugawa da launi ɗaya a kan riga ko hatimi. Amma zuwa 2009 Wikipedia ta riga ta shiga sahun shafuka goma da aka fi ziyarta a duniya, da rassa a harsuna fiye da 250, kuma ƙwallon ya zama abin da mutum ke gani ya san inda ya iso kafin ya karanta ko kalma ɗaya. Wannan ganewa dukiya ce da ba a saya da kuɗin talla ba, 'yan sa-kai ne suka tara ta da maƙala bayan maƙala. Akwai kuma batun haƙƙi, domin tambarin ya zo ta ƙuri'ar al'umma, kuma ofishin da ya zo daga baya ba shi da hurumin jefar da shi saboda ra'ayin masu zane ya canza. Hausawa suna cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma abin da editocin Indiya da Japan suka nema ke nan, a daidaita kayan.

Gidauniyar ta bi hanya ta uku, wadda ta fi sauran wahala a aikace: a sake gina abin da ake da shi daidai da yadda yake, a gyara aibinsa, a kuma toshe ƙofar da aibin ya shigo ta cikinta.

Abin da aka yi

Aikin ya fara a ƙarshen 2009, lokacin da Gidauniyar ta riga ta koma San Francisco ta kuma samu ma'aikata, ciki har da sashen sadarwa da Jay Walsh ke jagoranta. An ba Philip Metschan aikin gina cikakken samfurin ƙwallon a kwamfuta, mai gaba da baya da sama da ƙasa, ta yadda za a iya juya shi a ɗauki hotonsa ta kowace fuska da kowane girma. Wannan ya tilasta amsa tambayar da ba a taɓa yi ba, wato waɗanne haruffa ne ke bayan ƙwallon, a gefen da ba a gani. Aka tsayar da su, aka rubuta, 'yan sa-kai masu karanta rubuce-rubucen suka taimaka wajen tantancewa. An kuma bi wata ƙa'ida a mafi yawan gutsattsarin, cewa harafin ya zama wanda sunan Wikipedia ke farawa da shi a wannan rubutu. Ta haka Devanagari ya dawo वि yadda ya kamata, Japananci ya zama ウィ, Sinanci ya samu 維, Larabci kuma ya zama و, harafin da duk wanda ya yi karatun allo ko yake rubuta ajami ya sani. A gurbin Klingon aka sa harafin Ge'ez na Habasha, wanda ake rubuta Amharik da Tigrinya da shi.

Sauyin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne wanda ya fi ɓoyuwa ga ido, wato zubin haruffan sunan da ke ƙarƙashin ƙwallon. Tsohon tambari ya yi amfani da Hoefler Text, zubi mai kyau amma na kasuwa, wanda ba kowa ke da shi ba. Kowane reshe na Wikipedia yana buƙatar nasa tambari mai ɗauke da sunan da taken a harshensa, don haka duk sabon harshen da ya shigo sai ya nemi wanda ke da wannan zubi ya yi masa, ko kuma ya yi da abin da ya samu, tambura su riƙa fitowa ba iri ɗaya ba. A 2010 aka koma Linux Libertine, zubin da kowa zai iya saukewa kyauta ya yi aiki da shi. Sai wata 'yar matsala ta taso, domin harafin W na tsohon tambari yana da siffa ta musamman, kamar V biyu da suka ratsa juna, kuma shi ne ƙaramar alamar da ke bayyana a saman manhajar lilo idan mutum ya buɗe Wikipedia. W na Linux Libertine ba haka yake ba. Maimakon a haƙura da tsohuwar siffar, sai aka ƙara W mai ratsin a cikin zubin a matsayin zaɓi. Wannan ƙaramin mataki ya nuna yadda aka fahimci aikin baki ɗaya: duk abin da mutane ke gane Wikipedia da shi an riƙe, duk abin da ke hana ɗan sa-kai aiki an kawar.

Daga baya, a watan Oktoba na 2014, Gidauniyar ta saki tamburanta a ƙarƙashin lasisin Creative Commons mai ba da damar kwafa da gyarawa, ta riƙe kariyar alamar kasuwanci kawai domin hana wani ya yi sojan gona da sunan. A wannan wata ne kuma aka buɗe wani mutum-mutumi a garin Słubice na ƙasar Polan, inda aka sassaƙa mutane suna ɗage da ƙwallon sama. Ba a sassaƙa tambarin da mutane ba su ɗauka nasu ba.

Inda aka yi tuntuɓe

Fitar da tambarin bai tafi sumul ba. An ɗora shi a lokaci ɗaya da sabuwar fuskar shafi mai suna Vector, wadda ta ɗauke akwatin bincike daga gefen hagu ta kai shi sama ta dama, ta kuma sauya wurin maɓallai da dama. Editan da ya buɗe shafi a wannan mako ya tarar komai ya motsa lokaci guda, kuma fushin da ya ji a kan akwatin bincike ya shafi tambarin ma. Editoci da dama sun koka cewa sabon hoton ya dusashe, inuwar da ke ba tsohon nauyi ta ragu, kuma Gidauniyar ta sake taɓa hoton bayan ƙorafin. A ganina kuskure ne haɗa sauye-sauyen biyu, domin gyaran tambari yana da hujjar da kowa zai iya dubawa da idonsa, ga harafi a karkace ga shi a miƙe, kuma da an fitar da shi shi kaɗai da wannan bayani a gaba, da muhawarar ta tsaya a kan inuwa da girma ba tare da ta gauraya da wani rikici ba. Haka nan da an nuna wa al'umma hoton ƙarshe a girman da zai fito a shafi kafin ranar ɗorawa, da an ji ƙorafin dusashewar tun da wuri.

Tuntuɓen da ya fi girma shi ne lokacin da aka ɓata. Daga rahoton 2007 zuwa gyaran 2010 kusan shekara uku ne, kuma editoci sun san da kurakuran tun kafin jarida ta ɗauka. Ana iya cewa Gidauniyar ƙarama ce a lokacin, tana fama da kuɗin na'urori da ƙaura da ɗaukar ma'aikata, kuma haka ne. Amma a 2007 ɗin nan masu shirya Wikimania, taron shekara-shekara na editoci, a birnin Taipei sun iya ƙera ƙwallon na hannu wanda ake harhaɗawa suka raba wa mahalarta, abin da ke nuna cewa gina samfurin bai fi ƙarfin al'ummar ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ce wannan aikina ne. Ina kuma da yaƙinin cewa da harafin W ne ya fito a juye, da ba a kwana uku ba a gyara shi ba.

Lamura biyu na kusa da suka ƙara haske

Kada a ɗauka daga wannan cewa tsohon tambari ba ya taɓuwa. MediaWiki, wadda ta gaji zanen da ya zo na uku a gasar 2003, ta yi shekara 17 da hoton furen rana da wata edita, Florence Devouard, ta ɗauka, wanda Erik Möller ya sa tsakanin baka biyu-biyu masu kusurwa, alamar da editoci ke haɗa shafi da shafi da ita. Hoto ne na kyamara, don haka ba ya faɗaɗuwa ba tare da ya fashe ba, kuma idan aka ƙanƙanta shi sai ya zama tabo. A nan babu abin da za a gyara a bar sauran, domin aibin shi ne kasancewarsa hoto. A watan Yuni na 2020 aka buɗe shawara a fili, aka yi ƙuri'a zagaye biyu, zanen Serhio Magpie ya yi nasara a watan Oktoba, aka fara amfani da shi ranar 1 ga Afrilu, 2021. An yi sauyi cikakke, kuma ya zauna, saboda matsalar ta aiki ce da kowa ya gani, masu amfani da manhajar ne suka kawo maganar, su ne kuma suka yanke hukunci. Ko a nan ma siffar fure ba ta ɓace ba, an mayar da ita zane mai sauƙi.

A wannan shekara ta 2020 Gidauniyar ta gwada wani abu na daban, inda ta nemi sauya sunanta da kamanninta ta jingina su da sunan Wikipedia, tare da kamfanin zane na Snøhetta, bisa hujjar cewa duniya ta san Wikipedia amma ba ta san Wikimedia ba. Hujjar gaskiya ce, amma matsalar ofis ce, editoci ba su ji ta a jikinsu ba. A shawarar da aka buɗe a farkon shekarar mafi rinjaye ƙwarai suka ƙi, kuma da aka fitar da takardar jin ra'ayi wadda zaɓuɓɓukanta ba su haɗa da barin sunan yadda yake ba, sai editoci da ƙungiyoyi suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a dakata. Kwamitin amintattun Gidauniyar ya dakatar da aikin, kuma har yau sunan Gidauniyar Wikimedia ne.

Abin da ya rage

Gyaran 2010 bai warware komai da komai ba. Ƙwallon har yanzu ba ya son ƙanƙanta, kuma Wikipedia ta zagaye matsalar ne maimakon ta sauƙaƙa zanen: a manhajar waya da ƙaramar alamar lilo W ake gani, kuma da aka sake fuskar shafin Ingilishi a watan Janairu na 2023 an rage ƙwallon ya koma ɗan ƙarami a gefen sunan, inda haruffan da aka sha wahalar gyarawa da kyar ake karanta su. Ƙa'idar harafin farko ma ba ta game duka ba, domin Ω na Girkanci da И na rubutun Rasha suna nan a fuskar ƙwallon ko da yake sunan Wikipedia ba da su yake farawa ba a waɗannan harsuna. A fahimtata wannan sassauci ne da aka yi wa sabo, musamman Ω da ke zaune kusa da W wanda ido ya riƙe shi tun 2003, kuma sassauci ne da nake ganin yana da uzuri tun da harafin ba gurgu ba ne.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta wakilci. A fuskar da ake gani, Ge'ez ne kaɗai rubutun da aka haifa a Afirka. Tun daga lokacin kuwa Wikipedia ta buɗe reshe da rubutun N'Ko a 2019, rubutun da Solomana Kante ya ƙirƙira a 1949 domin harsunan Mande na Afirka ta Yamma, rassanta kuma sun haura 300. Gurabe a gaban ƙwallon ƙidayayyu ne, saboda haka duk harafin da zai shigo sai wani ya koma baya. Idan editocin wani rubutu suka kawo wannan buƙata, yanzu babu uzurin ɓataccen fayil, samfurin yana nan kuma sauya gutsure ɗaya aiki ne mai sauƙi. Abin da zai yi wuya shi ne yanke hukuncin wanda zai matsa, kuma tun da ƙuri'ar editoci ce ta kawo ƙwallon a 2003, ina ganin gabansu ya kamata a kai maganar, tare da sharaɗin cewa babu harafin da zai hau sai masu rubutu da shi sun gan shi a girman da zai fito sun ce daidai ne.